Farfela a Juye

Tun ranar da Baba ya fara ce mata "Malama", Gaggawa ta daina jin daɗin komai. Ba da mugun nufi yake faɗa ba. Da ladabi yake faɗa, har yana ƙoƙarin miƙewa daga kujera in ta shigo, yana cewa a kawo wa baƙuwa ruwa. Ladabin nan shi ya fi yi mata ciwo. Mutumin da ya raine ta da faɗa da gyara, wanda bai taɓa barin ta kai ƙarshen magana ba tare da ya tsinci abin gyarawa a ciki ba, yau shi ne yake tambayarta ko ta sha wahalar gane gidan.

Shi ne ma ya laƙa mata sunan Gaggawa, sunan ya bi ta har gidan miji.

Baba makanikin jiragen sama ne, kuma a sashen farfela ya ƙare aikinsa, wato fankar nan ta hancin jirgi da ke jan sa gaba. Lokacin da ya shiga aikin yana saurayi, akwai sauran tsofaffin jiragen yaƙi a ajiye a rumfar filin, a kansu aka koya masa riƙon sufana. Son su ya shiga ransa bai sake fita ba. Tun yana aiki yake sassaƙa ƙananansu a gida, da katako marar nauyi da roba da gam, kowanne bai wuce tsawon damtse ba, amma komai nasa daidai da na gaske, girman kawai aka rage. Maƙwabta suna ce wa abin wasan yara. Ba a gabansa suke faɗa ba dai, don wanda ya taɓa gwadawa ya tsaya ya sha bayani har ƙafafunsa suka gaji.

"Fenti kowa ya iya shafawa," in ji Baba. "Farfela ce take tona asirin mai aiki."

Hannayen farfela nawa ne, faɗinsu a gindi da a baki, inda rawayan fenti ya tsaya a kan bakin kowane hannu, duk yana dubawa. Amma abin da ya fi damunsa shi ne murɗin, domin murɗin ne yake nuna ko farfela dama take juyawa ko hagu. Ba ya manna farfela da gam kamar yadda wasu suke yi. A kan allura yake ɗora ta don ta yi juyi. In an gama jirgi, ba ya ko kallon fukafukansa. Sai ya kawo hancin daidai bakinsa ya busa a hankali, ya ga ina ta nufa.

Yayyenta duk sun gudu daga ɗakin aikin nan tun suna ƙanana, don ba wanda yake son a ce masa ya sake abu sau uku. Ita auta ce ta liƙe. Jirgin da ya fara ba ta ta yi wa farfela shi ne mai dogon hanci, mai hannu biyar. Irinsa na farko masu hannu uku ne, kuma dama suke juyawa in kana zaune a kujerar direba. Da aka sa masa babban inji daga baya sai juyin ya koma hagu. Baba ya faɗa mata wannan, amma kunnenta yana wajen wuƙar da aka ba ta. Ta dubi na kusa da shi a kan kantar da Baba yake jera jirage ta kwaikwayi murɗinsa, ta gama kafin ya sha rabin shayinsa, ta miƙa masa tana washe baki.

Ya busa. Ya ajiye jirgin, ya zare tabarau.

"Gaggawa, ina za ki kai direban nan? Inji yana hagu, ke kin ba shi farfelar dama. Da baya zai tafi, ya je ya gaida katangar filin."

Ta fashe da kuka. Bai rarrashe ta ba, sai ya turo mata wani guntun katako ya ce sauri ya haifi nawa. Daga ranar ba ta sake yin wannan kuskure ba, amma kurakurai ba sa ƙarewa a idon Baba. Yau rawaya ya yi faɗi, gobe bakin hannu ya yi kauri, jibi gam ya leƙo. In kuwa aiki ya fita daidai, ba ya cewa komai. Sai ya busa, ya jira farfela ta tsaya da kanta, ya ɗora jirgin a kan kantar jiragensa, ya ce, "Gaggawa, shayi." Iyakar yabonsa ke nan. Ta girma tana jiran ranar da zai ce ya yi kyau, har ta gaji ta daina jira.

Yanzu ita ma ta manyanta, da 'ya'yanta. Haƙoran roba take haɗawa a wani ɗakin aiki da ke bayan asibitin haƙori, kuma kayan aikin ba su da nisa da na ɗakin Baba: hantsaki, ƙaramin magagari, burushi mai siririn baki, gilashin ƙara girma. Kullum in ta tashi daga aiki sai ta biya gidansu kafin ta wuce nata. Kullum kuma sai an yi mata sannu da zuwa irin ta baƙi. Mama ce kaɗai ta rage masa a cikin waɗanda ya sani.

Likita ya ce a riƙa nuna masa abubuwan da ya saba da su, wai wani lokaci sukan jawo abin da ciwon mantuwa ya ɗauke. Likitoci dai ba sa rasa abin faɗa. An kawo hotuna, an kawo tsohuwar rigar aikinsa mai tabon baƙin mai, an zaunar da shi gaban kantar jiragensa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai, ya tambayi Mama ko mai shagon yana kusa.

A kicin Gaggawa ta faɗa wa Mama abin da ta ƙulla, suna tsaye tana taya ta goge kwanuka.

"Mama, mu ne ba mu gane ba. Duk abin da muke nuna masa daidai yake. Yaushe Baba ya taɓa magana a kan abin da yake daidai?"

"To me kike so a nuna masa?"

"Kuskure. Zan yi masa mai hannu biyar ɗin nan, in sa masa farfelar dama, kamar yadda na yi ina yarinya. Baba ba ya iya ganin kuskure ya yi shiru. Sai ya yi mini faɗa."

Mama ta ajiye kwanon hannunta ta dube ta.

"Yau na ga ikon Allah. Yaran duniya suna gudun faɗa, tawa za ta sassaƙo nata da hannunta."

"Ko sau ɗaya ne, Mama. Ya kira ni da sunana ya ce in sake."

Mama ta sake ɗaukar kwanon.

"Auta, ni dai tsorona kada garin neman gira a rasa ido. Yanzu kina da abin da kike sa rai a kai. In kin gwada bai yi ba fa?"

Amma Gaggawa ta riga ta yanke shawara, kuma ita ma 'yar ubanta ce wajen taurin kai.

A wurin aiki ta yi jirgin, lokacin hutun cin abinci, a gefen teburin da take gyaran haƙora. Abokiyar aikinta ta leƙo ta ga hancin jirgi a cikin matsi, ta ce, "Wannan kuma haƙorin wane baki ne?" Gaggawa ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ba ta bar wa Baba wata ƙofar gyara ba ko ɗaya. Ta goge fukafukai har suka yi santsi, ta fitar da bututun hayaƙi ɗaya bayan ɗaya, ta sa baƙin hayaƙi kaɗan a gefen hanci kamar jirgin da ya sha aiki. So take kuskuren ya tsaya shi kaɗai a fili, inda ba yadda za a yi ido ya wuce shi.

Da ta zo kan farfela sai hannunta ya ƙi ta. Ta zauna da niyyar murɗin dama, hankalinta ya tafi wajen Baba, wuƙa tana ta aiki. Sai da ta gama hannaye biyar ta shafa musu rawaya a baki, ta ɗora a allura ta busa, ta ga ta tafi hagu lafiya lau. Hannun da aka hora ba ya jin shawara. Haushi ya kama ta, ta naɗe farfelar a cikin auduga ta jefa a jaka, ta ɗauko wani katako. Wannan karon sai da ta riƙa faɗa wa kanta a fili, dama, dama, kamar mai koya wa yaro sa takalmi. Ba ta taɓa sanin yin kuskure da gangan yana da wuya haka ba. Da ta gama ta dubi abin, ita kanta sai da ta ji kunya.

Da yamma ta kai shi, rana tana shigowa ta tagar falo. Mama ta riga ta kashe fankar sama don kada iskarta ta juya farfelar kafin lokaci. Baba yana kujerarsa, an yi masa aski, rigar ta yi masa yawa a wuya.

"Malama, sannu da zuwa. Ba ki sha wahalar gane gidan ba ko?"

"Ban sha ba, Baba. Ga wani abu na kawo maka ka gani."

Ta buɗe kwali ta ɗora masa jirgin a cinya, ta durƙusa a gefen kujerar. Ya ɗauka da hannu biyu, ya juya shi, ya shafa fiffike da yatsa.

"Kai, ya yi kyau," ya ce. "Ya yi kyau ƙwarai. Na yaronki ne?"

Kalmar da ta yi shekaru tana jira ke nan, ga ta ta zo a banza, irin wadda ake faɗa wa baƙo don kada ya ji ba daɗi. Da ma zagi ne da ya fi mata. Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafar kujera, Mama kuma ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Bai mayar mata da jirgin ba. Yana riƙe da shi yana kallon taga, kamar ya manta akwai abu a hannunsa. Can sai hannayen suka fara motsi da kansu. Na hagu ya tallafi cikin jirgin, na dama ya juyo hancin, ya kawo shi daidai bakinsa. Ya busa, numfashin bai isa ba. Ya ja iska ya sake, farfela ta motsa, ta yi juyi ta tsaya.

Girarsa ta haɗe. Wannan haɗewar ta san ta fiye da yadda ta san fuskarta a madubi. Ya sake busawa, ya bi juyin da ido, ya ɗaga hannu ya zare tabarau. Ta ɗago fuska ta matso daf da shi don ya gan ta sosai, tana jiran sunanta.

Baba ya saci kallon Mama, sannan ya rage murya, irin ta mai gudun kunyata baƙo a gaban mutane.

"Malama, kada ki ji haushi. Wa ya yi miki farfelar nan?"

"Ni na yi, Baba."

"Ayya. To ai a juye take. Wannan mai hannu biyar ne, injinsa hagu yake juyawa. An ba shi ta dama. In aka tayar da shi haka, da baya zai tafi."

"Ya je ya gaida katangar filin," ta ce.

Ya yi 'yar dariya. "Haka ne kuwa. Ke ma kin san abin ashe." Ya shafa hancin jirgin. "Ba laifinki ba ne, da yawa suna faɗawa a nan. Sauran aikin duk ba laifi. Amma in kina so a gyara miki, ki nemi 'yata. Gaggawa muke ce mata. Ita za ta fitar miki da ita yadda take."

Ta kama hannunsa da nata biyu.

"Baba, ni ce. Ni ce Gaggawa. Dube ni da kyau."

Ya dube ta da kyau kamar yadda ta roƙa. Ya dubi fuskarta, ya dubi farfelar, ya girgiza kai a hankali, yana murmushin tausayi.

"A'a, Malama. Gaggawa ba ta wannan. Sau ɗaya ta yi shi, tana 'yar mitsitsiya, ba ta ƙara ba. Yarinyar nan ko daga barci kika tashe ta kika ba ta wuƙa, hagu za ta murɗa miki." Ya zare hannunsa a hankali ya ɗan bubbuga nata. "Kin dai yi kama da dangin uwarta, shi ya sa."

Mama ta sa bakin mayafi ta toshe baki. Ba ta ce ai na faɗa miki ba, kuma Gaggawa ta gode mata a ranta.

Ta zauna dirshan a ƙasa. Da hannunta ta sassaƙa shaidar da ta kore ta, ta goge ta, ta shafa mata fenti, ta kawo masa a kwali. Baƙin ciki ya rufe ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Sai ta tuna da audugar da ke cikin jaka. Ta jawo jakar ta zazzage ta a kan darduma, makullai da biro da kwalbar magani suka watse, ta tsinci ƙullin audugar.

"Baba, ba ni aron jirgin."

Yatsunta sun san hanya. Ta zare hular hancin, ta cire farfelar dama, ta ɗora ta hagu a kan allura, ta mayar da hular, ta miƙa masa.

Ya sa tabarau. Wannan karon bai yi saurin busawa ba. Ya kai farfelar kusa da ido, ya bi hannayen ɗaya bayan ɗaya da farce, daga gindi inda suke da kauri zuwa baki inda suka yi siriri kamar takarda. Ya duba inda rawaya ya tsaya. Sannan ya busa. Ta tafi hagu, sumul, ba tangarɗa, ya zuba mata ido har ta tsaya da kanta. Fuskarsa ta buɗe irin buɗewar da Gaggawa ba ta taɓa gani ba duk zamanta a ɗakin aikinsa.

"Kin gani ko?" ya ce. "Wannan hannun Gaggawa ne. Dubi yadda take cinye bakin, ba wanda yake yin haka sai ita. Ni kaina ban kai ta a nan ba." Ya juyo da murna. "Ashe kin san ta."

Ta buɗe baki ta ce ita ta yi duka biyun, ta dama da ta hagu, a tebur ɗaya, da wuƙa ɗaya. Sai ta ga yadda yake riƙe da jirgin a ƙirji, ta ga hasken da ke idonsa, ta san in ta yi gardama hasken zai tafi, ruɗewa ta zo, a kwana ana rarrashi. Ta haɗiye maganar.

"Na san ta, Baba."

"Tana lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To madalla." Ya juya farfelar da ɗan yatsa. "Ta kwana biyu ba ta leƙo ni ba. Na san aiki ne ya yi mata yawa, ga yara. Ba na jin haushinta. Amma in kin gan ta, ki ce ta zo. Ki ce babanta yana cigiyarta."

"Zan faɗa mata."

"Sai dai kada ki ce na yabi aikin. Kanta zai yi girma, ta koma saurin nan nata."

"Ba zan faɗa ba."

Hawaye suna zuba a kan rigarta, ba ta share ba, shi kuma bai lura ba. Ya dafa hannun kujera ya yunƙura, Mama ta zo za ta riƙe shi ya ce ta bari. Da ƙyar ya taka zuwa kantar, ya matsar da wani tsohon jirgi gefe, ya ɗora sabon a tsakiya, ya gyara masa zama har hancin ya fuskanci ɗaki. Ya tsaya yana kallonsa, hannayensa a baya.

Gaggawa ta miƙe ba tare da ta sani ba. Ƙafafunta sun san abin da yake biyo bayan ɗora jirgi a kan kantar, har ta juya ta nufi kicin, kunnenta a buɗe.

Baba ya waiwayo ya nemi Mama da ido.

"A kawo wa Malama shayi mana," ya ce, "kafin ta tafi."